Metro, RER da Navigo: tambayoyi da amsoshi kan sufurin jama'a a Paris da kewayenta

Wanda ya fara ganin taswirar jiragen Paris yakan ɗauka zare ne ya harɗe. Amma akwai bakin zaren: kusan duk manyan layukan an shimfiɗa su ne daga bayan gari zuwa tsakiyar birni, kamar wayoyin ƙafar keke da ke haɗuwa a cibiya. Cunkoso, latti da manyan ayyukan haƙa da ake yi yanzu, galibinsu daga nan suka samo asali.

Idan aka ce "yankin Paris", ina da ina ake nufi?

Abu uku ne mutane ke cakuɗawa. Na farko birnin Paris kansa, wanda ƙarami ne ƙwarai: murabba'in kilomita 105, mutane wajen miliyan 2.1, kuma babban titin zobe mai suna Périphérique, mai tsawon kilomita 35, ya kusan zagaye shi. Na biyu Métropole du Grand Paris, wadda aka kafa ranar 1 ga Janairun 2016 domin haɗa birnin da ƙananan hukumomin da ke manne da shi, jama'arta wajen miliyan 7. Na uku jihar Île-de-France, mai mutane sama da miliyan 12 da gundumomi 8.

Mutumin Nijar ba zai sha wahalar gane tsarin ba, domin irinsa ne a gida: jiha, gunduma, ƙaramar hukuma. Gundumomi uku da ke jikin birnin, wato Hauts-de-Seine, Seine-Saint-Denis da Val-de-Marne, su ake kira ƙaramin zobe. Sauran huɗun, Seine-et-Marne, Yvelines, Essonne da Val-d'Oise, su ne babban zobe. A harkar sufuri, jihar ce ke da ta cewa. Magajin garin Paris yana da iko kan titunansa da hanyoyin keke, amma ba shi ke yanke kuɗin tikiti ba.

To wa ke yanke shi, kuma wa ke tuƙa jiragen?

Hukumar Île-de-France Mobilités, wadda kafin 2017 ake kira STIF. Ita ke tsayar da kuɗin tikiti, ta fayyace jirage nawa za su yi zirga-zirga a awa, ta sayi sabbin taragu, sannan ta ba kamfanoni kwangilar gudanarwa. Shugabar jihar, Valérie Pécresse, ita ke shugabantar ta. Masu gudanarwa manya biyu ne, dukkansu na gwamnati: RATP, wanda aka kafa a 1949, yana riƙe da metro da yawancin bas-bas na cikin birni da wani ɓangare na RER, manyan jiragen da ke ratsa birnin daga bayan gari; SNCF kuma yana da jiragen bayan gari da sauran RER ɗin. A babban zobe akwai kamfanoni irin su Keolis da Transdev da ke tafiyar da bas bisa kwangila, kuma yanzu bas-bas ɗin RATP ma ana rarraba su kashi-kashi ga wanda ya ci takara.

Mene ne bambancin metro, RER, Transilien da tiram?

Metro shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa na cikin birni. Layi na 1 an buɗe shi ranar 19 ga Yulin 1900, ƙarƙashin injiniya Fulgence Bienvenüe. Yanzu layuka 16 ne, masu lamba 1 zuwa 14 da wasu gajeru biyu, 3bis da 7bis, da tasoshi fiye da 300. Tazarar tasha da tasha wajen rabin kilomita ce, shi ya sa duk inda kake a birnin akwai tasha kusa, kuma shi ya sa jirgin ba ya sauri: kafin ya ɗauki gudu ya iso wata tashar. Layuka 1, 4, 6, 11 da 14 a kan tayoyin roba suke tafiya. Layuka 1, 4 da 14 kuma babu direba a cikinsu sam.

RER jirgin ƙasa ne sosai, mai manyan taragu, wanda ke tasowa daga nesa, ya nutse ƙarƙashin birnin, ya ɓullo ta ɗaya gefen. Layukansa biyar ne, A zuwa E. A tsakiyar birni tasoshinsa kaɗan ne, saboda haka tafiyar da metro zai yi a rabin awa, RER kan yi ta cikin minti goma. Transilien kuma jiragen bayan gari ne masu haruffa irin su H, J, L, N, P da R, waɗanda ke tsayawa a manyan tasoshin birnin ba tare da sun ratsa shi ba. Tiram yana bin titi a kan dogonsa. Ya dawo yankin a 1992 da layin T1 tsakanin Bobigny da Saint-Denis, kuma yawancin layukansa a bayan gari suke.

Ga wani abu da ke rikita baƙo a dandamali: metro hannun dama yake bi, RER da sauran jiragen ƙasa hannun hagu.

Me ya sa komai sai ya bi ta tsakiyar birni?

Gado ne. A ƙarshen ƙarni na 19 hukumar birnin ta yi ta ja-in-ja da gwamnati da manyan kamfanonin jirgin ƙasa kan irin jirgin da za a gina. Birnin ya yi nasara, ya gina metro domin mazauna cikinsa kawai, da ramuka ƙanana waɗanda manyan jirage ba za su iya shiga ba. Daga baya jama'a suka yi ta cika bayan gari. A tsarin 1965, wanda Paul Delouvrier ya jagoranta, aka ƙirƙiro sabbin garuruwa biyar, Cergy-Pontoise, Marne-la-Vallée, Saint-Quentin-en-Yvelines, Évry da Melun-Sénart, aka kuma tsara RER domin ya haɗa su da Paris. An buɗe sashen farko a 1969, a 1977 kuma layukan A da B suka haɗu a tashar Châtelet-Les Halles da ke tsakiyar birni.

Aikin ya yi kyau, amma ya ƙara ɗaure komai a cibiya ɗaya. Ofisoshi sun taru a yamma, musamman La Défense, gidajen masu ƙaramin ƙarfi kuma sun fi yawa a gabas da arewa. Sakamakon haka RER A kaɗai yana ɗaukar fiye da mutum miliyan ɗaya a ranar aiki. Wanda ke zaune a wata unguwar bayan gari yana aiki a wata maƙwabciyarta, sau da yawa dole ya shiga Paris ya sake fitowa, ya cika jirgin da ba shi da buƙatarsa, ko kuma ya haƙura ya hau motarsa.

Yaya zan gane jirgin RER da zai kai ni inda za ni?

Nan ne baƙi suka fi yin ɓatan kai. A metro, sunan tashar ƙarshe kawai za ka duba, domin kusan kowane jirgi yana tsayawa a kowace tasha. Layi na 7 da na 13 ne ke rabuwa biyu. A RER kuwa layi ɗaya yana da rassa da yawa, kuma wasu jiragen na tsallake tasoshi. Kafin ka shiga, ka duba allon da ke rataye a dandamali: yana nuna tasoshin da jirgi mai zuwa zai tsaya. Idan tasharka ba ta ciki, ka jira na gaba.

Kowane jirgi yana da suna mai haruffa huɗu, kuma harafin farko shi ke faɗin inda zai ƙare. A layin B, E na nufin filin jirgin sama na Charles de Gaulle, I kuma Mitry-Claye. Su biyun tare suke tafiya har Aulnay-sous-Bois, daga nan kowa ya kama gabansa. Wanda ya shiga na I yana sauri ya kama jirgin sama, sai ya sauka ya dawo baya, kuma rabin awa ta tafi. Allon yana kuma nuna ko jirgin gajere ne ko dogo. Idan gajere ne kana tsaye a ƙarshen dandamali, sai ka bi shi da gudu.

Wane tikiti zan saya?

Tun 1 ga Janairun 2025 an sauƙaƙa lamarin. A da kuɗin RER da na jiragen bayan gari ya danganta da nisan tafiya. Yanzu tikiti iri biyu ne ga duk jihar, ban da na filayen jirgin sama. A farashin 2025, na metro da jirgin ƙasa da RER Yuro 2.50 ne, yana aiki awa 2 muddin ba ka fita daga shinge ba. Na bas da tiram Yuro 2 ne, yana aiki awa ɗaya da rabi, amma duk motar da ka shiga sai ka sake taɓa shi a na'ura. Ba a sauka daga metro a hau bas da tikiti guda. Akan ƙara kuɗin kaɗan a watan Janairu, don haka a duba farashin shekarar da ake ciki. Yaro ƙasa da shekara 4 kyauta ne, daga 4 zuwa 9 rabin kuɗi.

Tikitin kwali ana janye shi. Madadinsa katin Navigo Easy, wanda ake saya Yuro 2 a loda masa tikiti, ko kuma wayar hannu ta manhajar hukumar. Kati ɗaya na mutum ɗaya ne a tafiya guda. Iyali mai mutum biyar kati biyar za su saya. Kada ka ajiye katin can ƙasan jaka bayan ka shiga RER, domin da shi za ka buɗe shingen fita. A wasu tasoshin bayan gari babu shinge, sai na'ura a tsaye a bakin dandamali. Rashin shinge ba izini ba ne. Masu duba tikiti sukan tsaya a lungun hanyar canjin jirgi, kuma tarar rashin tikiti a RATP ta kai Yuro 70 tun tsakiyar 2025.

Katin mako ya fi araha?

Ya danganta da ranar da ka iso. Navigo na mako, Yuro 31.60 a 2025, yana aiki ne daga Litinin zuwa Lahadi, ba kwana bakwai daga ranar da ka saya ba. Ana sayar da na makon da ake ciki har zuwa Alhamis; daga Juma'a na mako mai zuwa ake sayarwa. Wanda ya sauka Litinin ko Talata ya ci riba, tunda katin ya haɗa da filayen jirgin sama, waɗanda zuwa da dawowa kaɗai Yuro 26 ne a 2025. Wanda ya sauka Juma'a ya fara da tikiti ɗai-ɗai.

Ba a loda shi a Navigo Easy. Baƙo yana buƙatar katin Navigo Découverte, Yuro 5, wanda sai an manna masa ƙaramin hoto an rubuta suna. Idan babu hoto ko suna, mai duba tikiti zai ci ka tara ko da ka biya kuɗin makon. Ka taho da hotonka daga gida. Na wata Yuro 88.80 ne a 2025, kuma doka ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya mayar masa da rabin kuɗin.

Daga filin jirgin sama fa?

Yawancin jiragen da ke tasowa daga Afirka ta Yamma a Charles de Gaulle suke sauka, wajen kilomita 25 arewa maso gabas da birnin. RER B yana kai mutum babbar tashar Gare du Nord da ke cikin birni cikin minti 30 zuwa 35. Tashoshinsa biyu ne a filin, ɗaya a Terminal 2, ɗaya kusa da Terminal 3, kuma ƙaramin jirgin CDGVAL na kyauta yana haɗa su da Terminal 1. Tikitin filin jirgi daban yake, Yuro 13 a 2025, na 2.50 ba zai buɗe maka shingen can ba. Orly kuwa tun 24 ga Yunin 2024 layi na 14 ya isa can, wajen minti 25 zuwa Châtelet. Wanda jirginsa zai sauka da dare ya bincika tukuna, domin sau da yawa ana rufe arewacin layin B da wuri saboda gyara, a maye gurbinsa da bas.

Mai neman kubewa, busasshen kifi ko atamfa, daga Gare du Nord tasha biyu ce a layi na 4 zuwa Château-Rouge. Babban Masallacin Paris kuma yana kusa da tashar Place Monge a layi na 7.

Me ya sa RER B ya yi ƙaurin suna wajen latti?

Babban dalili rami ɗaya ne. Tsakanin Châtelet-Les Halles da Gare du Nord, layin B da layin D suna raba dogo biyu kacal, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa. An tsara jirage har 32 su bi ta ciki a awa ta kowane ɓangare lokacin cunkoso, 20 na B da 12 na D, wato ƙasa da minti 2 tsakanin jirgi da jirgi. Babu sarari ko kaɗan. Idan wani ya riƙe ƙofa na daƙiƙa 30 a Gare du Nord, na baya ya tsaya a rami, na bayansa ma haka, kafin a ankara lattin ya bazu zuwa layuka biyu da dukkan rassansu.

Sai kuma rabon layin. Kudu RATP ke riƙe da shi, da wuta mai ƙarfin bolt 1,500. Arewa SNCF, da bolt 25,000. Jirgin dole ya iya aiki da duka biyun, kuma har 2009 direbobi ma canja hannu suke yi a Gare du Nord. A arewa, hanyar tana maƙwabtaka da ta wasu jiragen, ga aikin gina CDG Express, jirgin da zai tashi kai-tsaye daga Gare de l'Est zuwa filin jirgi. Taragun kuma yawancinsu na shekarun 1980 ne, sabbin da aka yi oda sun makara. Maganin da aka zaɓa shi ne sabuwar sigina mai suna NExTEO, wadda ke barin jirage su matso kusa da juna lafiya. Za ta rage matsalar, amma ramin na nan a matsayin dogo biyu.

Waɗanne abubuwa ne kuma ke tsayar da jirgi?

Kalmomi kaɗan ne ke yawan fitowa a allo. "Bagage abandonné" jaka ce da aka manta. Dole a dakatar da jirgi har masu kare ko masu kwance bam su duba, abin da kan ci awa guda. "Malaise voyageur" fasinja ne ya yanke jiki ya faɗi. Idan haka ta faru a cikin rami, kada a ja hannun ƙararrawa, a bari jirgi ya kai tasha inda masu agaji za su iya isowa. A kaka, ganyen bishiya da ya zuba kan dogo yana niƙewa ya zama santsi, ƙafafun jirgi su zame, birki ya ci su ta gefe ɗaya, sai an kai su gyara. A tsananin zafi dogo yana buɗewa, wayar sama ta saki, sai a rage gudu. Akwai kuma ɓarayin wayar tagulla, waɗanda yankan waya ɗaya da suka yi kan kashe siginar sashe guda.

Idan ana yajin aiki, komai ke tsayawa?

Ba kasafai ba. Dokar 2007 ta ce ma'aikacin da zai shiga yaji ya sanar awa 48 kafin lokaci, kamfani kuma ya fitar da jadawalin jiragen da za su yi aiki kwana ɗaya kafin ranar. Za ka ga an rubuta, misali, jirgi ɗaya cikin uku, ko safe da yamma kawai. A dogon yajin Disambar 2019 kan batun fansho, layuka 1 da 14 marasa direba sun ci gaba da aiki, sai dai cunkoson ba a magana.

Kuɗin tikiti ne ke riƙe da wannan duka?

A'a. Gudanar da sufurin jihar yana cin sama da Yuro biliyan 10 a shekara, kuma kusan rabi daga harajin da ake kira versement mobilité yake fitowa. An ƙirƙiro shi a 1971. Duk mai ma'aikata 11 ko fiye yana biyan wani kaso na jimillar albashin da yake biya. A Paris da ƙaramin zobe kashi 3.2 cikin ɗari ne tun 2024. Hujjar a fili take: jirgin ne ke kawo wa kamfani ma'aikatansa kowace safiya. Fasinjoji suna biyan wajen kashi ɗaya cikin uku, jiha da gundumomi su cika sauran. Raunin tsarin shi ne idan tattalin arziki ya ja baya, harajin ma ya ragu, alhali jiragen ba za su daina tafiya ba.

Mene ne Grand Paris Express?

Shi ne yunƙurin warware matsalar cibiya ɗaya. Dokar 3 ga Yunin 2010 ta kafa hukuma ta musamman domin gina kilomita 200 na sabon metro marar direba, da tasoshi 68, yawanci a ƙarƙashin ƙasa. Layi na 15 zobe ne mai kilomita 75 da zai zagaye birnin ta ƙaramin zobe, yana yanka layukan RER da metro ɗaya bayan ɗaya. Layi na 16 zai ratsa gabashin Seine-Saint-Denis, har da Clichy-sous-Bois da Montfermeil, inda tarzomar 2005 ta faro kuma aka daɗe babu jirgi. Na 17 zai nufi Charles de Gaulle, na 18 kuma zai haɗa Orly da cibiyar jami'o'i ta Saclay da Versailles. Tasoshin suna da tazara sosai, don haka jirgin zai ninka gudun tsohon metro. Sashen kudu na layi na 15, kilomita 33 daga Pont de Sèvres zuwa Noisy-Champs, an ƙiyasta zai ɗauki minti 37.

Kuɗin ginin ya haura Yuro biliyan 35. Ba daga tikiti ake biya ba: hukumar tana cin bashi mai dogon zango, tana biya da haraji na musamman, musamman wanda ake ɗora wa ofisoshin jihar.

Me ya sa ya makara?

An so wasu sassan layi na 16 da na 17 su fara aiki kafin gasar Olamfik ta 2024, amma tsawaita layi na 14 kaɗai ya kai ga lokacin. Ƙasar Paris ba ta da sauƙin haƙa. Akwai tsofaffin ramukan da aka sari dutsen gina birnin, waɗanda sai an cika su da siminti kafin injin ya wuce. Akwai wani farin dutse da ke narkewa idan ruwa ya taɓa shi, ya bar kogo. Akwai yumɓu mai kumbura, ga ruwan ƙasa kusa. Shi ya sa wasu tasoshin suka yi zurfi matuƙa; ta Saint-Maur-Créteil ta kai mita 52. Injinan haƙan, masu faɗin wajen mita 10, suna tafiya suna jera zoben kankare a bayansu, kuma ƙasar da za a kwashe gaba ɗaya ta kai tan miliyan 45, wadda wani kasonta ta kogi ake fitar da shi. Annobar korona ta tsayar da aiki, ma'aikata da dama kuma sun rasa rayukansu a wuraren haƙan. Bayan an gama rami ma da sauran aiki: gwajin na'urorin tuƙi, ƙofofin dandamali da hanyoyin fitar hayaƙi yana cin watanni masu yawa.

Mai keken guragu, ko mai manyan akwatuna, zai iya shiga metro?

Da ƙyar. Tsofaffin layukan matakala ce zalla, layi na 14 ne kaɗai kowace tasharsa ke da lif tun asali. Bas da tiram sun fi dacewa, haka ma yawancin tasoshin RER A da B. Mai akwati biyu ya guji canjin jirgi a Châtelet ko Montparnasse, inda tafiyar ƙasa kan kai minti goma.

Har ƙarfe nawa jirage ke aiki?

Metro yana farawa wajen 5:30 na asuba, ya tashi wajen 1:15 na dare, Juma'a da Asabar kuma 2:15. Wannan lokacin isar jirgin ƙarshe tashar ƙarshe ne, don haka a tsakiyar layi ya riga ya wuce tun kafin nan. RER ba ya samun ƙarin awar ƙarshen mako. Bayan haka sai bas-bas ɗin dare na Noctilien, daga wajen 12:30 zuwa 5:30, waɗanda ke tashi daga Châtelet da manyan tasoshi huɗu: Gare de Lyon, Gare de l'Est, Saint-Lazare da Montparnasse.

Sauran biranen Faransa fa?

Biyar ne ke da metro: Lyon, Marseille, Lille, Toulouse da Rennes. Na Lille, wanda aka buɗe a 1983, tun farko babu direba. Nantes ce ta dawo da tiram a 1985, birane da dama suka bi sahu, domin kuɗin gininsa bai kai na haƙa rami ba. Dunkerque ta mayar da bas kyauta a 2018, Montpellier ta yi wa mazaunanta haka a Disambar 2023. Baƙo a Montpellier dai sai ya sayi tikiti. Abin da waɗannan biranen suka rasa shi ne irin RER, kuma dokar Disambar 2023 ta buɗe hanyar gina shi a kan dogon da ake da shi. Strasbourg ta riga ta gwada a Disambar 2022, ta ƙara ɗaruruwan jirage a mako lokaci guda, amma direbobi da taragu ba su wadata ba, sai da aka rage jadawalin a watannin farko.